Gwajin Bakin Mahaifa: Abin Da Takardar Sakamako Take Faɗa Da Abin Da Ba Ta Faɗa Ba

Wannan shi ne jawabin da wata 'yar'uwarmu, ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, ta gabatar a taron wayar da kai na iyalan 'yan Arewa mazauna Kudu. Mun kawo shi ne domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina yi muku barka da zuwa. Kafin in ce komai, ina neman afuwar iyayena, domin maganar yau ta shafi jikin mace, kuma dole in ambaci wasu abubuwa da ba mu saba faɗarsu a bainar jama'a ba. Ba rashin kunya ya sa ba. Aikina ne ya nuna mini irin ɓarnar da shiru yake yi a gidajenmu.

Zan fara da wani abu da ya faru a gabana. Wata baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin kara ta je wani gwaji na kyauta da aka kawo unguwarsu. Bayan 'yan makonni aka miƙa mata takarda da Turanci, aka yi mata bayani da harshen da ba ta ji sosai, ita kuma kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba. Da ta koma gida sai ta ba wani yaron maƙwabta ɗan sakandare ya karanta mata. Yaro ya ga an rubuta HPV, shi kuwa HIV ya sani, sai ya ce ai ƙanjamau ce. Kafin magariba magana ta zaga gidan haya. Maigida ya ɗau zafi, abokiyar zamanta ta daina cin abinci kwano ɗaya da ita, a ƙarshe aka sa ta a mota aka mai da ita garinsu. Sai da aka shafe watanni kafin takardar ta zo hannun wanda ya san abin da ke ciki. Da ta dawo aka duba ta, aka tarar da ɗan canji a bakin mahaifarta, aka yi mata magani a zama ɗaya. Lafiyarta lau a yau, amma har yanzu ba a gama ɗinke ɓarakar da aka yi a gidan ba.

Harafi ɗaya ne ya jawo wannan duka. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan takardar kanta: me take nufi, me ya kamata a yi bayan an karɓe ta, kuma wane haƙƙi mace take da shi a kanta.

Mece ce HPV?

HPV ƙwayar cuta ce daga cikin irin waɗanda ake kira bairos, masu ƙanƙanta ƙwarai. Ba ta da dangantaka da HIV mai karya garkuwar jiki, sunayen ne kawai suka yi kama. Tana da iri fiye da 200, kuma an sa wa kowane iri lamba. Yawancinsu ba sa yin wata illa. Wasu, kamar lamba 6 da lamba 11, su ne ke kawo 'yan tsiro a al'aura, masu ban haushi amma ba sa zama sankara. Akwai kuma wajen iri 14 da likitoci ke kira masu haɗari, domin in suka daɗe a jiki suna iya kai wa ga sankarar bakin mahaifa. Biyu daga cikinsu, lamba 16 da lamba 18, su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara a duniya.

A nan ku lura, sankara nake cewa, wato ciwon daji ko kansa, ba sanƙarau mai riƙe wuya da muke fama da shi lokacin zafi ba.

Wani likita Bajamushe mai suna Harald zur Hausen shi ne ya gano lamba 16 da lamba 18 a jikin wannan sankara, a shekarun 1983 da 1984, kuma saboda wannan aiki aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Kafin aikinsa, an san cutar amma ba a tabbatar da tushenta ba. Sanin tushen ne ya buɗe ƙofar gwaji da riga-kafin da muke da su yanzu.

Ana ɗaukar wannan ƙwaya ta hanyar saduwar aure da cuɗanyar fata da fata a wannan wuri. Ta yaɗu ƙwarai, har masana suka ce kusan duk wanda ya taɓa saduwa, mace ko namiji, zai gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsa, mafi yawa ba tare da ya sani ba, domin ba ta zazzaɓi, ba ta ƙaiƙayi, ba ta ciwo. Abin farin ciki shi ne, a cikin mutum 10 da suka ɗauka, wajen 9 garkuwar jikinsu ce ke kawar da ita cikin shekara 2, ba allura ba ƙwaya.

Matsalar tana ga 'yan kaɗan ɗin da ƙwayar ta ƙi barin jikinsu. A hankali take canza ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bakin mahaifa. Daga wannan canji zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. In garkuwar jiki ta yi rauni, kamar ga mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani, yana iya zama shekara 5 zuwa 10. Wannan doguwar tazara ita ce rahamar da ke cikin al'amarin. Gwaji yana neman canjin ne tun kafin ya zama sankara, lokacin da icce yake ɗanye ana iya tanƙwara shi.

Kada mu ɗauki abin da wasa. A shekarar 2022 mata wajen 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, wajen 350,000 kuma suka rasu. A Nijeriya, ƙididdigar 2020 ta nuna sabbin kamuwa wajen 12,000 da mace-mace wajen 8,000. Dalilin da ya sa masu rasuwa suka yi yawa haka shi ne mafi yawa ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa.

Gwaji iri uku ne

Sau da yawa mace takan ce mini, "An yi mini gwajin mahaifa." In na tambaye ta wane iri, sai ta ce ba ta sani ba. Alhali kowane gwaji da tambayar da yake amsawa.

Na farko shi ne gwajin ruwan tsami, wanda za ku ga an rubuta VIA. Ma'aikaciya takan sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa don ta ga bakin mahaifa, ta shafa ruwan kal, wato binega, ta jira minti ɗaya. Wurin da ya canza yakan yi fari. Nan take ake faɗin sakamako. Shi ne aka fi yi a ƙananan asibitoci da gwajin kyauta na unguwa.

Na biyu shi ne gwajin Pap, wanda ya samo sunansa daga wani likita ɗan asalin Girka da ya yi aiki a Amurka, George Papanicolaou. Ana shafo bakin mahaifa da ɗan buroshi mai laushi, a kai ɗakin gwaje-gwaje a duba ƙwayoyin halittar da madubin likita. Sakamako yakan ɗauki kwanaki ko makonni.

Na uku shi ne gwajin HPV. Shi ba canji yake nema ba, ƙwayar kanta yake nema. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi a kan sauran biyun, domin ya fi su gano wadda ke cikin haɗari. Wani abin da zai yi wa iyayena daɗin ji shi ne, a wasu cibiyoyi ana ba mace tsinken auduga ta shiga ɗaki ita kaɗai ta ɗebo da kanta, ba sai wani ya duba ta ba. Ku tambaya ko akwai wannan a inda kuka je.

Shawarar Hukumar ita ce a fara gwajin HPV daga shekara 30, a riƙa maimaitawa duk shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV ta fara daga 25, ta maimaita duk shekara 3 zuwa 5, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6. Inda gwajin ruwan tsami ko na Pap ake yi, duk shekara 3 ne, kuma wasu cibiyoyi a ƙasar nan suna farawa tun daga shekara 25. Wadda ta haura 50 ba ta taɓa yi ba, ita ma ta je. Kada a je ana cikin al'ada, kuma a bar matsi da duk abin da ake cusawa na kwana 2 kafin ranar. Mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara.

Yadda ake karanta takardar

Yanzu ga zuciyar maganar. Da Turanci ake rubuta sakamako, saboda haka zan ambaci kalmomin yadda za ku gan su.

In gwajin HPV ne aka rubuta negative, ba a sami ƙwaya mai haɗari ba. Wannan albishir ne, kuma haɗarin kamuwa da sankara a 'yan shekaru masu zuwa kaɗan ne ƙwarai. Amma a tambayi shekarar da za a dawo, domin gwaji ɗaya ba ya isa har abada.

In aka rubuta positive, an sami ƙwayar. Iyakar abin da takardar ta faɗa ke nan. Ba ta ce akwai sankara ba, ba ta ma ce akwai canji ba. Tana nufin sai an ƙara dubawa. Wani lokaci za a rubuta lamba, 16 ko 18, waɗanda aka fi gaggauta bibiyarsu. Daga nan za a duba bakin mahaifa, ko dai a yi magani nan take, ko in ba a ga komai ba a ce a dawo bayan shekara 1 ko 2 a ga ko jiki ya kawar da ita.

In gwajin ruwan tsami ne, negative na nufin ba a ga farin wuri ba. Positive na nufin an gani, kuma sau da yawa ana iya maganinsa a ranar. Ku sani wannan gwaji ido ne ke yinsa, wani lokaci kumburi ko ciwon sanyi yakan yi kama da canji. Akwai sakamako na uku, inda ma'aikaciya ta ga wani tsiro ko gyambo da take zargin sankara ce. Wannan ba a jira, takardar zuwa babban asibiti za a bayar, kuma a tafi cikin makon.

Gwajin Pap ne ya fi yawan baƙaƙe masu rikitarwa. NILM na nufin lafiya lau. Unsatisfactory na nufin abin da aka ɗebo bai isa a karanta ba, sai a sake, ba laifin jikinki ba ne. ASC-US na nufin an ga 'yan ƙwayoyin halitta da ba su yi daidai ba amma ba a tabbatar da dalili ba, kuma yawanci ba wani abu ba ne. LSIL ƙaramin canji ne, wanda mafi yawa yake warkewa da kansa, sai dai a sa ido. HSIL babban canji ne. Har yanzu ba sankara ba ce, amma shi ne wanda in aka bar shi zai iya zama ita, don haka ba a wasa da shi.

Wadda aka ga canji a gwajinta, ana iya tura ta a yi mata kolposkofi, wato duba bakin mahaifa da wata na'ura mai ƙara girman abu, daga waje take tsayawa ba ta shiga jiki. Ana iya gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a kai ɗakin gwaji. Sakamakonsa ne zai zo da CIN 1, CIN 2 ko CIN 3. Lambar tana nuna zurfin da canjin ya yi a cikin fatar bakin mahaifa. CIN 1 akasari yakan koma daidai. CIN 2 da CIN 3 ake yi wa magani. Ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau: CIN 3 ba ita ce sankara mataki na uku ba. Na ga matar da ta raba kayan ɗakinta ta yi wasiyya saboda wannan kuskure. Wannan gutsuren nama shi kaɗai ne ke tabbatar da sankara, ba gwajin farko ba. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, inda 'yan'uwanmu da yawa ke zaune a maƙwabtaka, suna cikin wuraren da ake tura mata don irin wannan bincike.

Abin da takardar ba ta faɗa ba

Iyayena maza, wannan sashe naku ne. Gwajin HPV ba ya faɗin ranar da ƙwaya ta shiga jiki, kuma ba ya faɗin daga wurin wa ta zo. Tana iya kwanciya shiru shekaru masu yawa sannan ta bayyana. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya samunta. A cikinmu akwai wanda ya auri bazawara, akwai wanda ya rabu da mata ya sake aure, akwai wadda mijinta na fari ya rasu, akwai mai mata biyu ko uku. Duk halal ne, kuma duk hanya ce da ƙwayar za ta iya bi ba tare da kowa ya aikata alfasha ba. Namiji yakan ɗauke ta ba alama, kuma babu gwajin yau da kullum da ake yi wa maza. Saboda haka duk wanda ya ɗauki wannan takarda ya mai da ita shaidar cin amana, ya ɗora mata abin da ba ta faɗa ba, ya kuma zalunci baiwar Allah. Haka nan uwargida da amarya, kada ɗaya ta nuna wa ɗaya yatsa. Abin da ya dace shi ne kowacce ta je ta yi nata gwajin.

Ba a ɗaukar ta ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko zama a tabarma ɗaya. Babu dalilin ware wa mace kwano ko hana ta ɗaukar jariri.

Kuma ku sani, kafso da allurar kemis da ake sha don ciwon sanyi ba sa kashe ta, domin an yi su ne don wasu ƙwayoyin daban. Haka matsi da hayaƙi da sauran haɗe-haɗen da ake tallarsu a lasifika a tashoshin mota. Ƙwayar kanta jiki ne ke kawar da ita. Abin da asibiti ke yi wa magani shi ne canjin da ta haifar.

Maganin canji

Mata da yawa suna gudun komawa domin sun ji an ce za a cire musu mahaifa. Maganin canjin farko ba ya taɓa mahaifa. Hanya ɗaya ita ce a ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafi a kan wurin na ɗan lokaci. Wata hanyar ita ce a daskarar da wurin da iska mai tsananin sanyi. Duka biyu ba sa wuce minti 15, ba a sa barci, ba a kwana. In wurin ya yi faɗi ko ya shige ciki, sai a kashe zafin wurin da allura a yanke shi da wata siririyar waya mai aiki da lantarki, aikin da za ku ga an rubuta LEEP. Bayan duk waɗannan mace tana iya ɗaukar ciki ta haihu. Wadda aka yi wa yankan waya ta gaya wa ungozoma in ta sami ciki, domin yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci.

Bayan magani za a ga ruwa-ruwa yana fita na wasu makonni, wani lokaci da ɗan jini. Wannan warkewa ce. Ana buƙatar a ƙaurace wa shimfiɗa na wajen mako 4. Maigida, a nan ake neman haƙurinka, domin gaggawa tana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. In aka ga jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko wari, ko ciwon mara mai tsanani, a koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Bayan wata 12 a dawo a sake gwaji, domin a tabbata canjin bai dawo ba.

Wannan komawa ita ce inda mu mazauna Kudu muka fi faɗuwa. Ƙafarmu ɗaya tana nan, ɗaya tana gida. Ranar asibiti ta zo, an tafi bikin ƙanwa a Katsina, ko an je wankan jego a Sakkwato, ko damina ta kira maigida gona. Kafin a dawo an manta, takarda ta ɓace a ƙasan akwati. Shawarata ita ce a adana takardar tare da katin riga-kafin yara, a ɗauki hotonta a waya, a rubuta watan komawa. In tafiya ta kama, a tafi da ita. Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Ɗanfodiyo a Sakkwato duk za su karanta takardar da aka rubuta a Legas ko Fatakwal su ɗora daga inda aka tsaya.

Akwai kuma alamun da ba a jiran ranar gwaji a kansu: jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan mace ta daina al'ada, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, da ciwon mara ko baya da ya ƙi tafiya. Ko da gwajin baya ya nuna lafiya, mai irin wannan ta ga likita. Ba lallai sankara ba ce, amma sai an duba ake sani. Ko sankarar ce ma, in an tare ta da wuri ana warkewa.

Haƙƙinki a kan sakamakonki

Da baiwar Allahn nan da na ba ku labarinta ta san haƙƙinta, da ba ta bar asibiti da takardar da ba ta gane ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da lafiyarsa take ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowanne, kuma gwargwadon iko ya yi bayanin da harshen da mutum yake ji, tare da la'akari da iliminsa na karatu. Sashe na 26 ya ce bayanin lafiyar mutum sirri ne. Sashe na 30 ya ba kowa damar kai ƙara a kan yadda aka yi masa a asibiti. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da Kundin Haƙƙin Majiyyaci, wanda ya ƙara jaddada waɗannan. Tsarin Mulkin 1999 kuma, a sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsa ko addininsa. Zama a Sabo ko Ama Hausa bai rage wa kowa komai daga wannan ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki tashi daga kujera ki yi tambaya huɗu. Wane gwaji aka yi mini? Me ya nuna? Me za a yi yanzu? Yaushe zan dawo? In ba ki gane ba ki ce a maimaita, matambayi ba ya ɓata. Ki nemi a ba ki sakamakon a rubuce. Kina iya roƙon mace ta duba ki, ko wata mace ta tsaya a ɗakin. Ba a yi miki wani aiki sai da yardarki. In tafinta kike buƙata, ki zaɓi babbar mace mai riƙon amana, kada a ɗora wa yaro ƙarami karanta sirrin uwarsa ko na maƙwabciya. Mu ma da namu nauyin: mu je a kan lokaci, mu faɗi gaskiya, mu girmama ma'aikata, domin yawancinsu ƙoƙari suke yi cikin cunkoso.

Ina kira ga shugabannin wannan ƙungiya da su zaɓi mata biyu ko uku masu jin Turanci da harshen gari, waɗanda aka san bakinsu da nauyi, su riƙa raka 'yan'uwa asibiti. Duk mai son kawo gwajin kyauta unguwarmu kuma, a tambaye shi tun farko: wa zai yi bayanin sakamako da Hausa, kuma ina za a tura wadda aka sami matsala a gwajinta? Gwajin da babu bibiya a bayansa tsoro kawai yake bari.

'Ya'yanmu mata

Zan rufe da riga-kafi. Tun 2006 aka fara amfani da allurar HPV a duniya, kuma ƙasashe fiye da 100 sun sa ta cikin jerin alluransu. Nijeriya ta ƙaddamar da ita ranar 24 ga Oktoba, 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, kyauta. Legas da Ogun da Kano suna cikin rukunin farko, sauran jihohi suka biyo baya a watan Mayu na 2024. Tana kare yarinya daga lamba 6, 11, 16 da 18. Ana yin ta da ƙuruciya ne domin ta fi aiki kafin a gamu da ƙwayar, ba ta kuma warkar da wadda ta riga ta shiga.

Na san abin da ke zukatan wasu. Ba mu manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Tambaya haƙƙinku ce. Amma wannan allura ba gwaji ake yi da 'ya'yanmu ba. An yi wa miliyoyin 'yan mata a Turai da Amurka da Asiya shekaru kafin ta iso gare mu, an bibiye su, ba a sami shaidar tana hana haihuwa ba. Abin da aka fi gani shi ne ɗan ciwon hannu ko zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Wadda aka yi wa allurar ma, in ta kai shekarun gwaji za ta yi, domin allurar ba ta rufe dukkan iri ba.

A 2020 ƙasashen duniya suka amince da buri uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura kafin su kai 15, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Ba zan so a wayi gari matan unguwannin da ke kewaye da mu sun tsira, namu suna can baya saboda harshe da kunya da zargi ba.

Iyayena maza, kuɗin mota da izini da kyakkyawan zato muke nema a wurinku. Iyayena mata, duk wadda take da wata takarda a ƙasan akwati da ba ta san abin da ke cikinta ba, ta fito da ita. Ina nan bayan an tashi, za mu koma gefe mu karanta tare, daga ni sai ita.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.